Hanya ta Huɗu

Lahadi, 22 ga Satumba, ƙarfe 7 na yamma

Hazo da safe, rana daga ƙarfe goma. Kilomita goma sha ɗaya kawai muka yi.

Noémie Delcros, nas ɗin ƙauyenmu, ta faɗi da keke a hanya ta huɗu, a gangaren Fages. Tana gaba, ina baya da kamar mita hamsin. Mu biyu ne kaɗai. Sauran 'yan ƙungiyarmu ta masu keke sun bi ta hanya ta biyu saboda ciwon gwiwar Anselme, shugabanmu.

Na kira 'yan kwana-kwana ƙarfe goma da minti arba'in. Sun iso sha ɗaya da minti biyar. Ban taɓa kanta ba, haka aka koya mana. Na lulluɓe ta da rigata ta ruwa, na yi ta kiran sunanta. Ban zauna kusa da ita duk tsawon lokacin ba.

Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin kiwon da ke ƙasa da hanya. Shanu suka watse.

Wata jandarma, 'yar sandan karkara, ta ɗauki bayanina a bakin hanya. Solange Vidalenc, shekara hamsin da bakwai, na yi ritaya daga rabon wasiƙu, ni ke sa alamun hanyoyin keke na ƙungiyarmu shekara goma sha tara ke nan. Ta tambayi filayen kiwon da ke dama da hagu na wane ne. Na ce na yayana ne, Firmin. Ta tambayi abin da ya kayar da Noémie. Na ce saiwa ce ko dutse, ban gani sosai ba. Ta rubuta.

Na ajiye jakar goyona a rumfar itace. Ban buɗe ta ba.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe 8 na safe

Ruwa. Ban fita ba.

Litinin, ƙarfe 6 na yamma

Anselme ya kira daga shagonsa na gyaran keke. Shi ne shugaban ƙungiya, don haka shi mijin Noémie ke sanarwa. Ƙashin wuya biyu sun karye. An yi awa shida ana aiki a kanta. Ƙafafu suna motsi. Hannun dama bai motsa ba tukuna.

Magajin gari ya rufe hanya ta huɗu. Amma hawan keke na kaka na ranar ashirin ga Oktoba yana nan, mutum ɗari biyu sun riga sun ba da suna. Anselme ya ce in sabunta alamun sauran hanyoyi biyar ɗin, kada baƙi su ɓata.

Ya ce, "Ke fa? Kina cin abinci?"

Na ce ina ci.

Talata, 24 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

Hanya ta ɗaya, kilomita goma sha huɗu. Alama talatin da ɗaya, bakwai sun koɗe, biyu babu su gaba ɗaya. Na kankare, na sa sabon fenti ruwan ɗorawa. Na ɗauki gwangwanin fenti da buroshi a tsohuwar jakar wasiƙu, na ɗaure ta a bayan sirdi. Tana kaɗawa a gangare amma ta yi.

Birkin baya yana ƙara.

Laraba, 25 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

Na je gona cin abincin rana kamar kowace Laraba. Dankali da cuku, ganyen salak daga lambu.

Huguette, matar Firmin, tana kan kujerarta, ƙafar a kan matashi. Shekara biyu Noémie ke zuwa kowace safiya ta wanke mata gyambon, ta duba sugan jininta. Yanzu an turo wani daga gari.

Ta ce, "Hannunsa kamar ƙanƙara. Ko kare ba ya gaidawa. Noémie kuwa sai ta sha kofi, ta zagi mijina, sannan ta tafi."

Firmin yana yanka burodi. Ya yanka fiye da abin da mutum uku za su ci.

Huguette ta ce ta sa an kunna wa Noémie kyandir a coci. Ta ba ni kwalbar zuma in kai mata. Sannan ta ce, "Shi kuma wannan ya ishe ni da neman waya. Wadda yake tare hanya da ita in zai ƙetarar da shanu, mai shuɗin mariƙi. Tun ranar Lahadi yake zagaya gida kamar wanda ya yar da haƙoransa."

Firmin ya ce, "Na daina nema."

Bai dube ni ba. Na ƙara dankali.

Alhamis, 26 ga Satumba, ƙarfe 9 na safe

Hanya ta huɗu ta ratsa tsakanin filin sama da filin ƙasa. Safe da yamma shanun Firmin ke ƙetare ta zuwa wurin tatsa. Yakan ja wayar ƙarfe biyu a kan hanyar, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, shanu su bi ta tsakani, in sun wuce ya kwance. Yakan ɗaura wa kowace waya tsumman farin buhu don a hango. Haka babanmu yake yi. Ina yarinya ni ke ɗaura tsumman.

Na rubuta wannan ne kawai don ya zauna a rubuce.

Juma'a, 27 ga Satumba, ƙarfe 6 na yamma

Hanya ta biyu, kilomita goma sha tara. Alama arba'in. Itace ya faɗo bayan gadar dutse, na sare rassa na janye. Sanyi ya fara.

A kan hanya na tuna watan Yuli. Wasu masu keke, ba 'yan nan ba, sun bar ƙyauren filin sama a buɗe. Karsanar Firmin mafi kyau ta fita titi, motar katako ta buge ta. Shi da kansa ya ƙarasa ta. Da yamma a shagon kofi na dandali, a gaban mutum goma sha wani abu, ya ce wata rana zai koya wa masu matsattsen wando hankali. Aka yi dariya. Ni ma na yi, ina sanye da matsattsen wandon.

Ba wanda ya tayar da maganar tun ranar Lahadi. Firmin ya sha faɗin irin wannan a kan likitan dabbobi, da magajin gari, da ruwan sama.

Asabar, 28 ga Satumba, ƙarfe 7 na yamma

Asibiti. Awa ɗaya da kwata a mota.

An sa wa Noémie abin tallafe wuya har haɓa. Ba ta iya juyawa, sai na tsaya a ƙarshen gado inda za ta gan ni. Fuskar ta kumbura gefe guda. Muryar tata ce.

Ta ce, "Kin kawo mini me?"

"Zuma daga Huguette."

"Ki ce mata na gode. Ki kuma ce mata na san ta ajiye wa kanta kwalba biyu, ta mayar da su."

Ta ce tana tuna mun tsaya shan ruwa a maɓuɓɓuga, daga nan sai rufin ɗakin nan. Babu komai a tsakani.

"Me na yi, Solange? Ke kika gani."

"Kin faɗi."

"Wannan na sani, uwar wayo. Ta yaya?"

Na ce gangaren yana da santsi in an kwana da hazo.

Ta ce, "Gudu ne ko? Kin sha gaya mini in rage a wurin."

Na ce na sha gaya mata. Gaskiya ne, na sha.

Hannun yana kan matashi kamar an ajiye mata shi. Ta ce tana jin ɗumi a babban yatsa, likita ya ce alama ce mai kyau, ko kuma ba alamar komai ba ce.

Lahadi, 29 ga Satumba, ƙarfe 1 na rana

Ban je hawan Lahadi ba. Na ce ciwon baya.

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma

Na shiga rumfa ɗebo itace sau biyu. Jakar tana nan inda na ajiye ta.

Talata, 1 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Na kai wa Anselme kekena ya duba birki. Ya ce bar wannan tukuna, zo ki ga wani abu.

Mijin Noémie ya kawo masa kekenta, ya ce ya gyara ko ya jefar, ba ya son ganinsa a gida. Anselme ya rataye shi, ya haska fitila a ƙarfen gaba, sama da taya kaɗan. Wani siririn tsagi ne a fentin, ya ratsa ƙafar ƙarfen ta dama da ta hagu daidai wa daida.

Ya ce, "Shekara arba'in ina wannan aikin. Saiwa ba ta yanka a miƙe. Dutse ma haka."

Na ce wataƙila tsoho ne.

"A watan jiya na sayar mata da keken nan, Solange." Ya goge hannu da tsumma. "Waya ce. Wani ya ja waya a hanya, ya zo ya kwashe daga baya. An yi haka a wasu wurare, kin karanta, na karanta."

Ya ce gobe zai kai wa jandarmomi. Sannan ya tambaye ni ko na tabbata ban ga komai ba.

Na ce hankalina yana kan Noémie.

Ya ce, "Haka ne. Yi haƙuri." Ya dafa kafaɗata. Ya canza mini takalmin birki, ya ƙi barina in taya shi.

Alhamis, 3 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Jandarmomi biyu sun bi gangaren da ƙafa. Sun kira ni in nuna musu wurin. Ganye ya zuba ya rufe komai. Sun ɗauki hoton turakun shinge huɗu da ke bakin hanya.

Sun haura gona. Ina tsaye a tsakar gida Firmin ya gaya musu cewa yakan ja waya, haka ne, kowa ya sani, kuma ranar Lahadin ya kwance ƙarfe takwas kamar kullum. Ya nuna musu wayoyi biyu a rataye a bango, kowace da tsummanta. Ɗaya sabuwa ce fil. Ba su lura ba, ko sun lura ba su ce komai ba.

Jandarmar nan ta ranar farko ta sake tambayata. Na maimaita abin da na faɗa. Ta ce, "Madam Vidalenc, ke kika fara isa wurin. In wani abu ya dawo miki, ƙofarmu a buɗe take."

Huguette ta ba su kofi.

Juma'a, 4 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Hanya ta uku, kilomita ashirin da biyu. Alama arba'in da shida. A kowane gangare sai na ga ina sauka in tura. Ban taɓa yin haka ba a hanya ta uku. Na dawo da duhu ya kusa.

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Gari ya yanke hukunci: mafarauta ne. An buɗe farautar aladun daji a watan jiya, kuma kowa ya san ba sa son keke a daji ranar Lahadi.

Na shiga shagon kofi bayan kasuwa. Clovis Rouchon, shugaban mafarauta, yana tsaye a gaban kantar shagon. Anselme yana zaune da mutum uku na ƙungiya. Ba wanda ke magana da kowa sai ta bakin mai shago.

Anselme ya ce mata, "Tambayi wancan ko ya san inda ake sayar da waya mai kyau."

Clovis ya ce, "Gaya wa mai faci in ina son kama wani abu ina da bindiga, ba na ɗana wa mata tarko."

"Da bindigar ma bara akuyar fadan coci ka harbe."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye. Clovis ya ajiye kofinsa ya zo wurina. Mun yi aji ɗaya a firamare. Ya ce cikin daren jiya an rubuta MASU KISA a jikin bukkarsu ta daji, manyan baƙaƙe, da fenti ruwan ɗorawa.

"Irin naki ne, Solange."

Na ce ba ni kaɗai ke da mabuɗin ma'ajiyar ƙungiya ba.

"Na san ba ke ba ce. Rubutunki ya fi wannan kyau." Ya rage murya. "Noémie ce ta yi jinyar mahaifiyata har ta rufe ido. Yanzu jikata ta dawo daga makaranta tana tambayata ko ni ne. Ke da kika san kowace hanya a ƙasar nan, gaya mini, wa zai yi wannan?"

Na ce ban sani ba.

Na sayi burodi, na manta shi a kan kanta.

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Na buɗe jakar.

Lahadi, ƙarfe 4 na yamma

Waya, mita huɗu da rabi. Shuɗin mariƙi, an ɗaure tsagewarsa da zaren buhu, ɗaurin Firmin. Ta lanƙwashe a tsakiya. Babu tsumma. Na duba cikin jakar ko ya kunce a ciki. Babu. A wurin ma na duba ranar, cikin ciyawa, na tuna yanzu na duba.

Minti huɗu kwance ta ya ɗauke ni ranar, wataƙila biyar. Gefe ɗaya ya riga ya fizge daga turke, ɗayan ne ya yi gardama. Noémie tana kwance tana wani irin numfashi, ni kuma ina naɗe waya a gwiwar hannu kamar yadda ake naɗe igiyar shanya. Ban yi tunani ba. Ko kuma na yi, da sauri.

A jakar akwai rabin ayaba da ta zama baƙa, da safar hannun Noémie ɗaya. Ban san lokacin da na ɗauke ta ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Hanya ta biyar. Ban ƙirga ba.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Raɓa ta daskare a kan ciyawa, karo na farko bana.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

Ban je abincin rana ba. Na je lokacin tatsar yamma, don Huguette ba ta iya zuwa garke.

Shanunmu ba sa sakin nono sai ɗan maraƙi ya fara tsotsa, sannan a ɗaure shi a ƙafar uwar ta gaba. Firmin yana yin wannan shi kaɗai wa saniya talatin da biyu, da shekara sittin da huɗu a kansa. Na kama masa 'yan maruƙa ba tare da ya ce ba. Muka gama goma sha biyu.

Na ce, "Wayar tana wurina."

Ya ce, "Na sani."

"Babu tsumma."

Ya matsa zuwa saniya ta gaba.

"Firmin. Mantawa ka yi ko bari ka yi?"

Ya daɗe yana goge hantsar da hannu. Ya ce ranar ya kwance ta ƙasa, sai ya ji wata saniya tana kuka a garke, ya bi bayanta. Ya ce yana cikin garke ya tuna da ta sama. Ya tuna kuma tsumman ya yage tun ranar Juma'a bai sa wani ba.

"Ƙarfe nawa ka tuna?"

"Tara. Tara da wani abu."

"Daga nan zuwa can minti shida ne."

"Na san minti nawa ne, Auta."

Ya ce ya tsaya a ƙofar garke, ya ce a ransa yau Lahadi, ranar masu keke. Na tambaye shi me ya ce bayan wannan. Ya ce ya tambayi kansa sau ɗari, kuma kowane lokaci amsar daban take fitowa.

"Kin san ke ma kina bin hanyar nan ranar Lahadi," in ji shi. Ban gane ko hujja yake kawowa ko akasinta ba. Ina jin shi ma bai gane ba.

Ya ce, "In suka ɗauke ni, wa zai riƙe Huguette? Wa zai riƙe waɗannan?"

Na ce ban zo da amsa ba.

"Ban ce ki ɗauke wayar ba," in ji shi.

Na ce na sani.

Mun gama sauran ashirin ɗin.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Hanya ta shida, kilomita goma sha bakwai. An gama duka biyar. Alamun sun yi kyau. Daga saman tudu ana hango rufin gonar da hayaƙin murhun Huguette.

An kira Clovis ofishin jandarmomi. Awa uku, in ji mai shago.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe 7 na yamma

An mayar da Noémie gidan koyon motsa jiki, bayan gari. Tana zama a kujera yanzu. Yatsu biyu suna ɗan lanƙwasawa. Ta nuna mini sau uku.

Mijinta bai gaya mata zancen waya ba. Likita ya ce a bari ta ƙara ƙarfi.

Ta tambayi ƙafar Huguette, ta sa na rubuta: kada sabon nas ɗin ya ɗaure da ƙarfi a idon sawu, a duba tsakanin yatsu, kuma in ta ce ba ta jin zafi ƙarya take yi.

Sannan ta ce ba ta jin za ta koma aiki ko da hannun ya dawo. Na ce ya yi wuri a yi wannan magana.

Ta ce, "Ba hannun ba ne. Sau nawa na bi gangaren nan? Ɗari? Na san kowane dutse. In zan iya yin wauta irin wannan a wurin da na sani, ban ma san na yi ba, to wata rana zan ba tsohuwa allurar wani. Kullum ina kwance ina neman inda na yi kuskuren. Ba na samu."

Na gyara mata bargo.

Ta ce, "Kuma ki yafe mini, Solange. Na bar ki ke kaɗai a daji da wannan abin kallo. Kin rame."

Na ce ba komai. Na ce zan makara, hanya da nisa. Na zauna a mota wajen minti arba'in kafin na tayar.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Na koma wurin Noémie.

Na tsaya inda za ta gan ni, na faɗa daga farko. Wayar, da mai ita, da tsumman da babu, da minti huɗun, da abin da na gaya wa jandarma, da abin da Firmin ya ce a garke. Na ce ba gudu ba ne. Na ce ba wanda zai iya hango ta a inuwar nan, ni ma da nake tafe a hankali sai da ta faɗi na gani.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce in maimaita na ƙarshen. Na maimaita: ba ta yi kuskuren komai ba.

Ta rufe ido. Hawaye ya gangara cikin abin wuyan, ba ta iya sharewa da dama, ba ta ɗaga hagu ba. Ban matsa ba.

Ta ce, "Ina numfashi lokacin da kike naɗewa?"

"Kina yi."

"Kin duba, ko ɗauka kika yi?"

"Ina ji daga inda nake."

"Sati uku," in ji ta. "Kin zauna a nan kin ce mini santsi."

Na ce haka ne.

Ta ce ba za ta gaya wa kowa ba sai ranar Laraba, ba don ni ba, don Huguette ta ji daga bakin mijinta kafin ta ji a gari. Ta ce in fita. Na kai ƙofa ta ce kada in sake zuwa sai ta kira, kuma ba ta san ko za ta kira ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 8 na safe

Na sami Firmin yana wanke bokitai. Na ce na gaya wa Noémie, kuma gobe ƙarfe sha ɗaya zan kai wayar ofishin jandarmomi in faɗi nawa. Na ce ko ya zo ko kada ya zo, ba zan ƙara komai a kan nasa ba, ba zan rage ba.

Ya ci gaba da wanki. Ya ce, "Kin gama?"

Na ce na gama.

Litinin, ƙarfe 5 na yamma

Na kai wa Anselme mabuɗin ma'ajiya da sauran fenti. Ya tambayi dalili. Na ce zai ji. Na ce a samu wani ya goge bukkar Clovis kafin ranar Lahadi.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe 2 da minti goma na rana

Ina rubuta wannan a cikin motar Firmin, a gaban ofishin jandarmomi.

Na jira har sha ɗaya da rabi a gida, ban san me nake jira ba. Sai ga motarsa a bakin ƙofa. Ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita. Ya ce wata saniya ce ta tsayar da shi. Na ce yaya Huguette. Ya ce ta jefe shi da kofi, daga baya ta goge masa rigar a zaune.

Mun iso sha biyu da minti goma. An tashi cin abinci, sai ƙarfe biyu. Muka zauna a mota. Huguette ta ƙunsa burodi da cuku da tuffa biyu. Ya yanka da wuƙarsa ya miƙo mini. Mun ci.

Ya ce, "In tambaye ki. Me zan ce musu in suka ce mantawa ko bari?"

Na ce ya faɗi abin da ya faɗa mini.

"Ba amsa ba ce."

Na ce ita ce muke da ita.

Sannan ya ce in suka riƙe shi, ƙarfe biyar ake fara tatsa. Na ce in ba su riƙe ni ba zan yi. Ya ce rabona da tatsa ni kaɗai shekara talatin. Na ce talatin da biyar. Sai ya fara lissafa mini: wadda ke harbi da ƙafar hagu, wadda ba ta yarda da ɗan kowa sai nata, wadda sai an yi mata magana. Ya sa na rubuta a bayan littafin nan. Ya gyara mini sunaye biyu.

Biyu saura minti biyar aka buɗe ƙofa. Na ɗauko jakar daga ƙarƙashin kujera. Ya miƙo hannu.

Ya ce, "Kawo. Tawa ce."

Ya shiga da ita. Jandarmar nan ta leƙo ta ce in jira, za a kira ni.